Ranar da Duba-gari Ya Zo

Shekarar da aka kafa famfo a garinmu ne. Mama na gasa naman alade a bakin titi, ta ce, "Ladi, kore mini ƙuda, bari in ɗebo itace." Ni kuwa na tafi kallon famfo. Kafin in dawo duba-gari ya tuttula wa naman kananzir, yana tambaya, "Wa ya bar wannan ƙazanta?" Mama ta dube ni, ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe." Daga ranar aka hana ta wurin.

Ni da ba na sunkuyar wa kowa da kai, yau in na ji ƙamshin naman da 'yan Filifin ke gasawa a Deptford, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, sai in kau da kai. Ban taɓa ba Mama haƙuri ba har ta rasu. Saura ni da ƙanwata Talatu, ita ma ban gaya mata cewa ni na bar naman ba.