Takwarorin Ungozoma

Mai hoto na ɗaga kyamara, tsohuwar ungozoma ta ce, "Dakata, ɗan nan. Ba mu cika ba."

Matan da ke kewaye da ita a harabar asibitin duk a hannunta suka faɗo duniya, kuma duk sunanta iyayensu suka sa musu don godiya. Yau jarida ta tara su: ga alƙaliya, ga likitar zuciya, ga matuƙiyar jirgin sama da kayan aiki a jikinta.

"Inna, ai takwarorinki duk mun hallara," in ji alƙaliyar. "Ko sai na yanke hukunci?"

"Ke tafi can! Da ƙafa kika fara fitowa, shi ya sa har yau ba kya jiran kowa."

Aka kwashe da dariya. Ita kam idonta na ƙofa. Shekara da shekaru tana barin 'yarta tilo wurin maƙwabta, ta ruga karɓar 'ya'yan mutane. Yarinyar ta girma, ta yi nisa, ko waya sai jefi-jefi.

Likitar ta matso za ta zauna gefenta. Tsohuwar ta dafe wurin.

"Yi haƙuri, takwara, nan da mai shi."

"Wace ce, Inna?"

"Wadda ba ta ci sunana ba, ni kuwa na haife ta."

Haka jarida ta buga hoton: kowa na kallon kyamara, ita tana kallon ƙofa, hannunta a kan wurin da babu kowa.