Famfon Honarabul Mainasara

Tun da doka ta haɗa famfon gidan kowane ɗan majalisar jiha da rijiyar burtsatsen da ya ƙaddamar a mazaɓarsa, kwana tara ke nan Honarabul Mainasara bai yi wanka ba. Yau ne kuma zai gabatar da ƙudurin soke dokar.

Ya kira mai unguwar Gidan Ƙosau a waya. "Baba Jatau, don Allah a buga famfon nan, ko bokiti ɗaya."

"Ranka ya daɗe, wane famfon? Allon da ka yanke zare a gabansa sau uku dai yana nan, awaki na shan inuwarsa."

Matarsa ta miƙo masa kwalbar turare daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

A zauren majalisa ya tarar an buɗe duk tagogi. Bai gama layin farko ba Kakaki ya toshe hanci da hula, ya ce a kaɗa ƙuri'a.

Kowa ya amince, ban da Honarabul Asabe, mai ƙamshin sabulu. Nan take aka kafa kwamiti ya binciki inda ta samo ruwa.