Tsohon Direban Tirela da Jar Motar Ɗansa

Kai da kake jin nauyin cewa "ban sani ba", matso ka ji. An yi wani direban tirela da ya tsufa a kan sitiyari tsakanin Kano da Ikko, wanda ko daga nesa ya ji kukan inji zai faɗa maka ciwonsa. Ɗansa zai yi doguwar tafiya, sai ya kawo masa ajiyar motarsa, wata jar motar tsere, gajeruwa kamar ta kwanta a ƙasa, wadda yake ji da ita kamar ƙwai. Ya ce, "Baba, amana ce, juyen baƙin mai kawai za a yi mata." Dattijo ya yi dariya har da dukan cinya. Juye? Shi za a koya wa juye? Ya sa aka kawo masa galan na baƙin man da ya saba ɗura wa tirela, mai kauri kamar zuma, don a saninsa man da ba shi da kauri ruwa ne. Ya tsiyaye tsohon mai, ya kafa mazurari, ya karkata galan, sai hannu ya ƙi. Wai! Wannan inji bai yi kama da komai da ya taɓa gani ba. In ya kashe wa yaron nan inji, da wane ido zai dube shi?

To, ga inda gizo ke saƙa: duk garin mutum ɗaya ne ya san kan irin waɗannan motoci, wani bakanike da a da can yaron motar dattijon ne, wanda ya sha ranƙwashi a hannunsa. Oga ya je ya tambayi yaronsa? Dattijo ya zagaya motar, ya yi tsaki, ya sake zagayawa, daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya nufi gareji da galan a hannu. Bakanike na ganinsa ya durƙusa yana "Oga, sannu da zuwa", yana ganin galan kuwa ya dafe kai. Ya ce hanyoyin mai a injin nan sirara ne kamar kafar allura, kafin mai kauri ya hau sama ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. Sai mai tsinkakke wanda masu ƙera ta suka ce, da sabuwar filta, kuma a bar ta ta ɗumama kafin a taka totur. Ya bar aikin gabansa ya bi ogansa gida ya yi juyen da hannunsa, suna yi suna tsiyar zamanin da.

Ranar da ɗan ya dawo, ya murza makulli, inji ya ɗauka sumul, ko tari babu. Ya kasa kunne, ya ce, "Baba, wallahi ta fi yadda na bar ta." Sai ya miƙa masa makullin. Dattijo ya tattare babbar riga ya cusa kansa ciki da ƙyar, suka hau titin Zariya, iska ta fizge masa hula, bai ko waiwaya ba, yana ta ƙyaƙyata dariya, zuciyarsa fari ƙal.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.