Motar da ba ta kuka sai da lodi

Tunda ka ce gobe za ka kai motarka gareji, zauna in ba ka misalin da marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ba direbobi.

Wani mutum ne a Malumfashi yake da tsohuwar a-kori-kura. Ran nan aka bugo masa waya cewa 'yarsa ta sauka lafiya a Jalingo, an sami mace. Murna ta hana shi zama wuri ɗaya. Ya sayi rago, ya tanadi buhun gero uku, da na masara biyu, da jarkar man gyaɗa, ƙannensa mata huɗu kuma kowace ta ce ƙafarta ƙafarsa. Saura kwana biyar suna, ga tafiyar yini guda cur. Abu ɗaya ke damunsa: duk ranar kasuwa in ya yi lodi, da ya faɗa rami sai ya ji wani kuka daga baya, ƙiii, kamar ana wasa wuƙa a dutse. To amma bakaniken unguwarsu ya taɓa yi masa faɗa a gaban jama'a kan yawan lodi, shi kuwa ba ya son a maimaita. Sai ya sauke komai, ya share bayan motar, ya wanke ta tas, ya kai ta gareji wayam. Bakanike ya zaga gari da ita, ya taka birki, ya bi ta kan ramuka, shiru. Washegari ma haka. A rana ta uku bakanike ya goge hannu da tsumma, ya dube shi ya ce, “Maigida, tsakaninka da Allah, me ke bayanta ran da take kukan?” Mutumin ya sosa ƙeya, ya lissafo. Bakanike ya ce, “To je ka ɗoro su duka, har ragon.”

Kai, ka so ka ga unguwar ranar! Aka jibga buhuna, aka ɗaure rago, ƙannen nan huɗu suka haye da mayafansu suna dariya, ɗaya har da rangaɗa guɗa wai ai an kama hanyar Jalingo. Bakanike ya hau can baya ya kwanta rub da ciki a kan buhu, ya karkata kunne ƙasa. Ramin farko da suka faɗa, sai ƙiii! Ya daddaki gefen mota yana ihu a tsaya, ya ji ta. Da aka ɗaga ta da jak aka cire tayar baya ta hagu, sai ga sifirin, ƙarfen da ke tallafe jikin mota, ya karye. In babu kaya motar tana tsaye ƙalau, in an yi lodi sai jikinta ya zauna a kan taya yana yankanta ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Har wayar cikin tayar ta fito fili. Mutumin ya shafa wurin da yatsa, ya ɗago ya dubi ƙannensa, guɗa ta tsaya. Wannan taya ba za ta kai Bauchi ba. Nan take aka sa sabon sifirin da sabuwar taya, aka duba birki, aka canja baƙin mai, aka cika lagireto da ruwa, aka ba safaya taya iska. Buhun masara biyu kuwa da bakinsa mutumin ya ce a ba babbar mota ta biyo bayansu da su. Ana gobe suna, da la'asar, suka shiga Jalingo yana danna ham tun daga bakin layi, ya karɓi jikarsa hannunsa na warin giris.

Saboda haka in ka je gobe, ka faɗa wa bakanike yadda kake lodinta da irin gudun da kake yi, kada ka rage komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.