Gyaran Muryar Baban Mota

Ya ajiye makullin a kan teburin shugaban sashen sufuri a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Shugaban bai ko ɗago kai ba.

"Daga yau ka huta, Baba. An ce idonka ya samu matsala."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

An dai ce! Mutum ya tsufa a kan sitiyari yana kai 'ya'yan mutane makaranta a bas ɗin ƙaramar hukuma, ko akuya bai taɓa bugewa ba, rana ɗaya a karɓe masa mota da "an dai ce". Yara ne suka laƙaba masa Baban Mota, har matarsa haka take kiransa. To in babu mota, shi baban me?

Gaskiya ne idon dama ya fara hazo. Abin da ke cin ransa shi ne bai faɗa wa mai rai ba. Matarsa ba ta sani ba, don ita ko allura ta ɓatar sai duk layi ya ji. Abokan hira a gareji ba su sani ba. Gwaggo kaɗai ya faɗa wa.

Gwaggo na'ura ce da hukuma ta kawo bara. Ka kira lamba, ta amsa da muryar mace mai sanyi, ta yi maka bayanin shara, fasasshen famfo, ranar asibiti. Mutane suka sa mata Gwaggo don komai ta sani. A bangon sakatariya an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a haɗa murya da suna. A farkon kowane kira kuma tana zuba wata magana da gudu, wai akan saurari wasu kiraye-kirayen don a gyara mata kuskure. Wa yake tsayawa jin wannan?

Ranar da ya kira ta, da azahar ce, yana cikin bas a gindin bishiyar bayan makaranta, gilasai a rufe. Ya yi gyaran muryar nan nasa, dogo mai ƙarewa da ɗan fito, wanda ba ya yin sa sai magana ta yi masa nauyi. Ya fara da cewa wani abokinsa ne. Da ya ji Gwaggo ba ta yi dariya ba, sai ya saki jiki. Ya ce jiya wata mai tura baro ta ɓullo ta dama, bai gan ta ba sam, ihun yara ne ya sa ya taka birki.

Gwaggo ta gaya masa ranar asibitin ido, ta ce kada ya ƙara tuƙi kafin a duba shi. Ya ce to, ya kashe waya, ya tayar da mota. Asibitin ai na hukuma ne, kuma a can sai an tambayi suna.

Yau ga shi ya dawo gida a ƙafa, rana na dukansa. Matarsa ta soma salati, ya ɗaga mata hannu. Ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba, har 'yarsa ta fari ta dawo daga aiki. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan da 'yarta, ta samu aikin buga rubutu a saman benen sakatariya. Kullum haka take shigowa, tana zame ɗankwali tana murza kunnuwa, wai zafi suke mata.

Kwanakin nan da ƙafa take kai yarinyar makaranta, ta ce mota na sa ta amai. Har tsiya ya yi mata: jikar direba da amai a mota, abin kunya!

"Uwata, kin ji abin da na'urarku ta yi mini?"

Ta durƙusa ta ajiye masa ruwa. "Baba, Gwaggo ba ta riƙe suna. Wallahi ba ta riƙewa."

"Kare ta kike yi?"

"Da dai ka je asibitin."

Ya ɗauki waya ya danna lambar, a gabanta. Ya jira maganar gudun nan ta wuce, ya yi dogon gyaran murya.

"Ke, munafuka! Na ba ki amana kin kai ni kasuwa. Duk wanda ya raba ni da motar nan, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

Gwaggo ta ce ba ta fahimta ba, ko yana son ranar asibitin ido? Ya yi jifa da wayar, ta faɗa bayan randa. Uwata ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ci abinci ba.

Da safe sabon direba ya yi hon a bakin layi. Baban Mota ya juya fuska bango. Uwata ta gyara wa yarinyar jaka, ta ɗaga ta ta sa a bas. Amai ya warke ke nan.

A saman bene ta zauna cikin jerin masu buga rubutu, ta maƙala abin sauraro a kunne. Muryoyi suka fara zuwa, babu suna, babu lamba, kamar yadda aka yi alkawari. Can sai ga dogon gyaran murya mai ɗan fito. Wannan ne dai ba a koya wa na'ura gogewa ba.

Ta buga "ban yafe ba" harafi bayan harafi, da yatsun da suka ƙwanƙwasa ƙofar shugaban sufuri ranar da ta ji labarin mai tura baro.