Shaidar da Mama Take Nema

Lauyan kamfaninmu ya miƙo mini takardar gargaɗi, ya ce, "Ka kai wa matar nan hannu da hannu. Ta riƙe adireshin intanet mai sunan kamfaninmu, ta ƙi sayarwa don ta tsauwala farashi. Ko ta saki cikin kwana bakwai, ko mu haɗu a kotu."

Sau uku na duba lambar gidan kafin na ƙwanƙwasa. Da aka buɗe ƙofar, sai na ga fuskar da na sani. Mahaifiyar abokina ce, wanda muka yi difloma tare, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ban san ta sauya gida ba, domin tun ranar jana'iza ban sake leƙa ta ba.

"Ɗana, ashe kana tunawa da ni!" Ta zaunar da ni, ta kawo ruwa. "Allah ne ya kawo ka. 'Yan wani kamfani sun hana ni sakat, wai na sace musu suna. Sunan da abokinka ya yi wa rajista don shagon da bai samu buɗewa ba! Duk shekara nake sabunta shi, shi kaɗai ya rage mini. Ai kana wurin ranar da ya ƙirƙiro shi. Za ka yi mini shaida, ko?"

Na dafe aljihun da takardar take ciki.

Tabbas ina wurin. Wata biyu bayan rasuwarsa, ranar da na je neman aikin nan, aka tambaye ni sunan da zai dace da sabon kamfanin. Ni na ba su shi, na ce nawa ne.