Mod Ɗin da Yaya Ya Hana Taɓawa

Kwamfutar ta sake sandarewa daidai lokacin da Sabo ya ɗaga takobi. Abdulrauf ya ja tsaki, ya daki tabarma da tafin hannu har kajin tsakar gida suka watse.

Sabo shi ne jaruminsa a cikin gem, kuma a tsarin rai ɗaya ake bugawa: ranar da jarumi ya mutu, ajiyar wasan ta goge kanta, sai dai a faro daga tushe. Samarin Tsanyawa sun binne nasu har sun gaji. Na Abdulrauf kuwa bai taɓa faɗuwa ba, tun da aka dawo da shi daga asibiti bayan haɗarin babur, ƙafa ba ta takuwa. Sau da yawa jinin Sabo kan ragu ya zama kamar zare, amma ya dake ya gama da abokan gaba. A garin da ake auna namiji da dammunan da ya ɗaure, wannan kaɗai Abdulrauf ke bugun ƙirji da shi.

To ga shi tun da gem ɗin ya sabunta kansa, ba a jimawa sai ya tsaya cak.

Ya san inda cutar take. Kwamfutar ta yayansa Tasi'u ce, wanda ya yi karatunta a Kano kafin rasuwar Baba ta dawo da shi gona, kuma ya cika ta da mod, wato 'yan ƙare-ƙaren da ake liƙa wa gem: wannan ya gyara launin sama, wancan ya ƙara dawakai. Ɗaya daga ciki ne bai jitu da sabuntawar ba. Abdulrauf ya kashe rabinsu ya gwada, ya sake raba ragowar biyu ya gwada, yana yi yana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro su, batirin sola kuma na ta yin ƙasa.

Kafin azahar ya kama ɓarawon. Wani ɗan mitsitsin mod ne, ba suna, ba bayani, ba a ma san inda aka sauko da shi ba. In yana kunne gem ya tsaya, in an kashe shi Sabo ya yi ta yawonsa a cikin gari lafiya lau.

Ya kira Tasi'u a gona. "Yaya, na gano mai ɓata min gem. Wannan marar sunan ne."

Ƙarar fartanya ta tsaya. "Mayar da shi. Kuma kar ka fita da Sabo daji sai na dawo."

"Saboda me?"

"Na ce kar ka taɓa." Ya kashe wayar.

Haka gidan yake tun zamanin Baba, babba ba ya ba ƙarami dalili, sai dai umarni. Ran Abdulrauf ya ɓaci iya ɓaci. Ai dama. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa yaba masa ba, in yana ba da labarin yaƙin Sabo sai ya kau da kai gefe. Haushi Tasi'u yake ji, shi yana duƙe a rana, ƙaninsa na zaune a inuwa. Wa ya sani ma ko da gangan ya dasa masa wannan ƙaya?

Ya goge mod ɗin, ya bi shi har kwandon shara ya sake gogewa. Sannan don a san ya isa, ya kaɗa Sabo daji.

Gem ya tafi sumul. Wata kura ta fito, irin waɗanda ya saba kashewa yana ɓarar gyaɗa. Ta kai cizo, jini ya ragu ya zama kamar zare. Ko a jikinsa. Ta sake kaiwa, allon ya yi baƙi. Ya nemi ajiyar sama da ƙasa, babu ita.

Sauda, matar Tasi'u, ta fito da ƙwaryar furar da za a kai gona, ta tarar da shi yana huci, idanu jajur.

"Mijinki ya cuce ni," in ji shi. "Ya dasa min wani abu marar suna, ina cire shi Sabo ya mutu. Wallahi ba zan yafe ba."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Yayanka ne ya haɗa shi da hannunsa kana kwance a asibiti, ya rantsar da ni kar in faɗa," ta ce. "Shi ke hana Sabo mutuwa. Cewa ya yi ba zai iya ganin ka sake faɗuwa ba, ko da a cikin gem ne."